Iyakar Inda Hannun Renae Ya Kai

Idan ka shigo ƙauyenmu ka tambayi inda Merle Sandvik yake, kafin a amsa maka sai an ɗaga kai an dubi sama. Ba rashin kunya ba ne, sabo ne.

Merle ɗan kawuna ne, taubashina ke nan. Ya girme ni da 'yan shekaru, kuma bai taɓa bari na manta ba. Kakarmu ta ce yana ɗan shekara huɗu aka neme shi aka rasa, har an fara leƙa rijiya, sai aka jiyo shi yana waƙa a kan rufin ɗakin shanu. Da ya gama sakandare bai yi shawara da kowa ba ya shiga aikin lantarki, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana hawan falwaya a tuddan yammacin Wisconsin, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Matarsa Ardis, Allah ya jiƙanta, takan ce ta fi sanin tafin takalmin mijinta a kan fuskarsa.

To, da kaka ta shigo, masara ta bushe a gona, ganye ya fara ja, duk mai kwari da baka a garin nan hankalinsa ya koma daji. Ka ɗauki kujerarka ta ƙarfe ka ɗaure ta a jikin bishiya kusa da hanyar bareyi, ka kafa tsani, ka hau ka zauna kana jira. Tun da aka fara wannan farauta akwai gardamar da ba a taɓa gamawa ba: ƙafa nawa daga ƙasa? Ni ɗan ƙafa goma sha biyar ne, haka na taso. Gunder, mai shagon kayan gona inda muke taruwa shan kofi da safe, ashirin yake hawa. Merle kuwa talatin, idan bishiyar ta yarda ya ƙara.

"Gajere," haka yake kirana, alhali na fi shi tsawo, "goma sha biyar? Me ya hana ka ɗauko kujerar kicin ɗinku ka kafa a tsakiyar hanya, in barewa ta iso ka zuba mata kofi?"

"Ni nama nake ci, Yaya. Kai kuma kallon gadon baya."

"Barewa ba ta taɓa jin warina ba."

"Ita kaɗai ke nan a garin nan."

Yana da gaskiyarsa. Daga can sama iska tana kwashe warin mutum ta wuce da shi ta kan bareyi, kuma ba kasafai suke ɗaga kai har can ba. Amma akwai abin da ba ya son a faɗa. Barewar da ka hango daga ƙafa talatin ba ta nuna maka haƙarƙari, gadon baya kawai take nuna maka, siriri kamar benci. Kibiya kuwa so ake ta ratsa huhu biyu, in ba haka ba ka raunata dabba ta je ta mutu inda ba ka sani ba. Merle ba ya yin wannan harbin, in dai faɗar gaskiya za a yi. Sai ya bar su su wuce. Saboda haka ya fi kowa ganin bareyi, kuma bai fi kowa cin nama ba. Yakan ce haƙuri ne. Ni dai na san abin da ke kai shi: daga can yana hango gonaki uku da hasumiyar coci, yana ganin wanda ya makara tatsar shanu, kuma ba mai ce masa ya sauko.

Shekarar da ya cika sittin da takwas, yana canza ƙwan lantarki a ɗakin tatsa, a kan tsani mai matakala uku, sai ɗakin ya juya da shi. Mutumin da falwaya ba ta taɓa kayarwa ba, ga shi kwance a cikin harawa goshi a fashe, saniya tana lasar hularsa. Likita ya ce jiri ne daga cikin kunne, kuma irin wanda ba ya sallama. Yau lafiya, gobe kana ɗaure takalmi ƙasa ta koma sama.

Gonar tana hannun 'yarsa Renae tun bayan rasuwar Ardis, da shanun da dajin da ke bayan makiyaya, duk nata ne yanzu. Gajeriya ce kamar uwarta, kuma kamar uwarta ba ta maimaita magana. Tun kafin a cire masa zaren ɗinki ta shiga daji da tarakta ta kwance tsanukansa gaba ɗaya, ta zuba a sito ta kulle. Ina wurin ranar da ta gaya masa, don ta kira ni in zama shaida, ta saye ni da gurasar dankali mai zafi da man shanu.

"Baba, ban hana ka farauta ba. Amma duk inda za ka zauna, sai in tsaya a ƙasa in miƙa hannu in taɓa takalminka."

Merle ya dube ta daga sama har ƙasa, tafiyar da ba ta ɗauke shi lokaci ba.

"Ke? Hannunki ko kantar sukari ba ya kaiwa."

"To iyakarka ke nan. In ba ka so, akwai tanti a ƙasa."

"In kuma na ƙi?"

"Sai a rataye bakan a bangon falo. Na binne Mama, ba zan je in tsinto ka a gindin bishiya ba."

Ya juyo wajena. "Kai ba za ka ce komai ba?"

"Bakina a cike yake, Yaya."

Mun gwada tantin sau ɗaya. Na kafa masa shi a gefen tsohuwar gonar tuffa, na tura shi ciki kamar mai tura ɗan maraƙi a mota. Da hantsi na dawo na same shi a waje, zaune a kan kututture, baka a cinya.

"Yaya dai?"

"Na ga gwiwar barewa," in ji shi. "Shekara sittin da takwas ban taɓa ganin gwiwar barewa ba. Ta zo ta leƙo tagar nan ta dube ni, Lowell. Kallon tausayi ta yi min."

Idan ya kira ni da sunana na yanka, abin ya kai inda ya kai. Washegari ya zo gidana wai in ara masa tsanina, zai gyara indararo. Na ce masa indararon da ke cikin daji ne? Ya ce ni matsoraci ne. Na ce ƙwarai, kuma Renae nake tsoro, ba shi ba.

Daga nan sai ya daina zuwa shagon Gunder. Ban ga laifinsa ba. Shekara talatin yana yi wa mutane ba'a, kuma dukansu suna nan da ransu, kowa ya wasa harshe yana jira. Har Gunder ya ajiye wata 'yar kujerar yara a gefen murhu ya ce ta Merle ce. An buɗe farauta, sati ya bi sati, Merle yana falo yana kallon masu hasashen yanayi a talabijin yana yi musu gardama. Ya sayi abincin tsuntsaye ya rataya a taga. Ranar da na je na tarar yana gaya min sunayen tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, na san abin ya yi nisa. Na ga dattawa da yawa a garin nan da suka ce bana kawai za su huta. Ba wanda ya koma. Baka yana son kafaɗa, in ka bar shi shekara guda shi ma ya bar ka.

Wata karsana ce ta cece shi, ba ni ba. Ta ɓalle shinge ta yi daji, Renae ta ce ya tashi ya taya ta nema tunda ba abin da yake yi sai zagin talabijin. A ƙarshen makiyayar, ƙasa tana yankewa ta gangara kwazazzabo mai zurfi. Can suka sami karsanar tana kiwonta. Renae tana fama da igiya, shi kuwa ya tsaya a bakin gangaren yana kallon ƙasa. Hanyar bareyi ce a can gindi, ta sha tattaki har ta yi baƙi, da kututtukan da mazan bareyi suka goge ƙaho a jiki. Shekarunsa nawa a dajin nan bai taɓa kula da wurin ba, don bishiyoyin bakin gangaren gajeru ne masu karkata, ba abin hawa a wajensa.

Ranar da yamma wayata ta yi ƙara.

"Gajere, gobe ka zo da a-kori-kurarka. Ka taho da kujera."

Da muka isa ya riga ya zaɓi bishiya, wata da ta tsaya daidai kan bakin, rabin saiwarta a iska. Muka ɗaura kujerar. Renae ta tsaya ta miƙa hannu, yatsunta suka taɓa matakin ƙafa. Merle ya washe baki.

"Ƙafa shida daga gare ki, kusan talatin daga barewa. Kowa ya samu nasa."

Renae ta leƙa gangaren, ta koma tarakta, ta ce in sauko mata da buhun dusa.

"Kawu, hau da shi ka ɗora a kan kujerar."

"Ni ma fa ba yaro ba ne."

"Hau dai."

Na hau ina nishi, na zaunar da buhun. Ta ciro hular ubanta daga kansa ta miƙo min ta ce in sa masa. Na sa. Ya yi kama da shi ƙwarai, har ma ya fi shi fara'a.

"Wannan kai ne, Baba. Jiri ya zo. Kawu, ture shi."

Na sa yatsa biyu na ture. Buhun ya faɗi a gindin bishiyar, ya yi kamar zai tsaya, sai ya mirgina. Ya bugi dutse ya yi tsalle, ya bugi kututture ya juya, ya ci gaba da gangarawa yana tara ganye, har ya isa kan hanyar bareyin ya fashe. Dusa ta tashi fari fat. Hular kuwa ta maƙale a wata ƙaya a tsakiyar hanya tana lilo.

Na buɗe baki da wata magana mai daɗi da ta zo min, sai na dubi fuskar Merle na haɗiye ta. Ya daɗe yana kallon wurin. Mutumin nan ya ga abokan aiki sun faɗo, ya san yadda abin yake, amma ina jin bai taɓa tsayawa a gefe ya kalli kansa yana faɗowa ba.

"Hulata ce mai kyau," ya ce a ƙarshe.

"Akwai wani buhun," in ji Renae. "Zaɓi wata bishiyar."

Ya juya ya shiga dubawa, a hankali wannan karon. Ya zaɓi wata da ke baya da bakin, inda ƙasa take a shimfiɗe da tulin ganye, amma ta tsakanin rassa ana hango hanyar sarai. Muka kwance muka sake ɗaurawa. Na sake hawa da buhu, na sake turewa. Ya faɗi tim ya zauna inda ya faɗi.

"Da ɗamarar kariya da igiya tun daga ƙasa," in ji ta. "Da waya a aljihun gaba."

"Na ji."

"Ban ji ka ce ka yarda ba."

"Na yarda, shugaba."

Kada ka ɗauka shi ke nan. Yammacin farko da ya zauna, bareyi uku suka taho kan hanyar, babbar ta tsaya cak ta ɗaga hanci, ta buga ƙafa, ta yi wannan hucin da duk maharbi ya tsana, suka watse. Yamma ta biyu haka. Ta uku ma ba su zo ba, daga nesa suka tsaya suna zaginsa. Ya zo ya same ni ina faskare.

"Akwai wani mutum," in ji shi, "abokin aikina ne a da, ba ka san shi ba. Wai bareyi suna jin warinsa a bakin gangare."

"Allah sarki. Yana wanka kuwa?"

"Yana yi."

"Da yamma yake zama, wannan abokin naka?"

"Haka ya ce."

Na ajiye gatari na ciro kwanson tumfafiya daga aljihu, irin wanda duk mai zama ƙasa-ƙasa yake yawo da shi. Na ce ya kai wa abokinsa. In ya zauna ya saki audugar ɗaya ya bi ta da ido. Da yamma iska tana sanyi ta gangara kwari kamar ruwa, ta kai wa barewa labarinka har gida. Da safe in rana ta dafa gangaren, sai ta juyo ta hau. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ƙasa ya san wannan, amma mutumin da ya shekara talatin a saman iska ina zai sani?

Ya karɓa ya jujjuya shi a hannu. "Zan gaya masa."

"Ka gaishe shi. Ka ce ina yi masa jajen hularsa."

Farkon Nuwamba ne, lokacin da mazan bareyi suke haukan neman mata ba sa ganin gabansu. Rana ta ɗaga sosai, ina cikin shan kofi a shagon Gunder, wayata ta yi ƙara. Merle ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Lowell, zo."

Na miƙe har kofin ya zube. "Ka faɗo?"

"Wa ya faɗo? Zo da igiya. Ka biya ka ɗauko Renae."

Mun same shi a zaune a kan kujerar, ɗamara a ɗaure, bai ko sauko ba.  Labarin ya fito a gutsure. Ya saki audugar ya ga ta haura ta wuce kafaɗarsa, ya ji daɗi, ya zuba ido a kan hanyar ƙasa. Sai ya ji numfashi a bayansa. Namijin barewa ne, bai biyo hanyar ba sam, ta gefen makiyaya ya ratso, inda iskar ba ta kai masa ba, ya zo ya tsaya a gindin bishiyar. Tsakanin ƙahonsa da takalmin Merle, in ji shi, bai fi tsawon cokali ba.

"Yana da gashin ido, Lowell. Dogaye. Akwai ƙaya a maƙale a kunnensa. Ina jin warinsa kamar tsohon bunsuru. Ya shinshina tsanin nan. Ni kuwa hancina yana ƙaiƙayi, ga baka a rataye, ko ƙifta ido ban isa in yi ba."

"Sai jirin ya zo?" in ji Renae.

"Ya leƙo. Na ce masa ba yanzu ba."

Dabbar ta gama shinshine-shinshinenta ta gangara a hankali, ta sauka kan hanyar, ta tsaya ta ba shi haƙarƙari gaba ɗaya, fili kamar ƙofar sito. Irin tsayuwar da bai taɓa samu daga ƙafa talatin ba. Merle ya ciro bakan a hankali, ya ja, ya saki. Namijin bai yi nisa ba ya kwanta.

Ba wani ƙato ba ne, in gaya maka gaskiya, ko da yake a shagon Gunder ƙahon yana ƙara reshe duk sati. Kuma ya zaɓi ya mutu a can ƙasan kwazazzabon, inda ba tarakta ba mota. Ni aka tura da igiya. Na sauka da mazaunai, na ɗaure shi, Renae tana ja da tarakta daga sama, ni ina turawa daga ƙasa ina tuno duk zunubaina, Merle kuwa ya sauko ya tsaya nesa da bakin, riƙe da reshe, yana ba da umarni.

"Ɗaga kan! Kada ka ɓata min ƙaho! Wai kai ba ka ci abinci ba ne?"

Da muka fito da shi fili, Merle ya durƙusa ya ɗora hannu a wuyan dabbar, ya cire ƙayar nan daga kunnenta. Da ya zo miƙewa sai ƙasa ta juya masa. Ya koma ya zauna daɓas a cikin ganye, ya rufe ido. Renae ta diro daga tarakta da gudu ta riƙe kafaɗarsa. Muka jira har jirin ya wuce.

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta. Na san abin da yake tsoro, ita ma ta sani. Kujerar tana nan a bayanmu, kwance ta ba zai ɗauki Renae wani lokaci ba.

"Akwai wani," ya ce. "Na ga sawunsa. Ya fi wannan sau biyu. Ba na ce zan harbe shi bana ba, ina dai so in gan shi."

Renae ta dubi kujerar, ta dubi ubanta zaune a ƙasa da ganye a gashinsa. 

"Da safe kawai," ta ce. "Kuma ranar da ka tashi da jiri, ko kaɗan ne, ka gaya min da bakinka."

"Zan gaya miki."

"To a bar ta."

Ya miƙo min hannu in tashe shi. Na tashe shi. Ya karkaɗe wando, ya ciro wuƙa daga kugu, ya dube ta, ya dubi barewar, sai ya miƙo min ta wajen ƙota.

"Likita ya hana ni sunkuyawa," in ji shi. "Yi a hankali, Gajere, hantar nake so."